Saƙon murya ya riƙa sauka a imel: jawabi ga 'yan'uwa masu sana'a

Assalamu alaikum warahmatullah. Ranka ya daɗe shugaban ƙungiya, dattawanmu, iyayenmu mata, 'yan'uwa maza da mata, barkanmu da warhaka.

An ce in ɗan yi bayani kan wayar wurin sana'a, saboda da yawa a cikinmu suna da ofis ko kamfanin sufuri ko na shara da goge-goge, kuma kuka ɗaya ake yi: mai neman aiki ya kira ba a ɗauka ba, ya bar saƙon murya, saƙon ya kwana a wayar tebur ba wanda ya saurara. Kafin a farga ya kira wani. Maganin shi ne a saita wayar ta riƙa tura kowane saƙo zuwa imel, ya zo da lambar wanda ya kira da lokacin kiran, ga muryar maƙale a fayil na WAV ko MP3. Saƙon minti ɗaya yawanci bai kai megabayit ɗaya ba, don haka nauyi ba abin damuwa ba ne.

Idan layin wayarka mai bi ta intanet ne da wani kamfani yake riƙe maka, irin su RingCentral ko Zoom Phone, aikin kaɗan ne. Shiga shafin gudanarwa, zaɓi layin, nemi saitin saƙon murya, rubuta adireshin imel, ka kunna zaɓin haɗo muryar. Ka lura da wannan na ƙarshe, don wasu kamfanonin sanarwa kawai suke turowa cewa kana da saƙo, ba tare da muryar ba.

Inda aiki yake shi ne wurin masu na'urar sarrafa kira tasu a cikin ofis, kamar masu manhajar FreePBX, wadda aka gina kan Asterisk, ko 3CX. Nan na'urar da kanta za ta aika imel ɗin, saboda haka sai ka ba ta sunan sabar SMTP, wato kwamfutar da ke aika imel, da lambar ƙofa (port) da asusun da za ta shiga da shi. Ƙofa ta 25 kamfanonin intanet da dama sun toshe ta saboda masu watsa tarkacen saƙonni, ka sa 587 tare da TLS, wato tsarin da ke ɓoye saƙo a kan hanya. Mai amfani da Gmail kuma ya sani tun 2022 Google ta hana irin waɗannan na'urori shiga asusun mutum da kalmar sirrinsa ta yau da kullum. Sai ka kunna tantancewa mai mataki biyu, ka ciro kalmar sirri ta musamman ka ba na'urar. Sannan in adireshin mai aikawa yana ɗauke da sunan kamfaninka, a gyara SPF da DKIM, wato shaidar cewa da izininka aka aiko. Daga Fabrairun 2024 Google da Yahoo sun ƙara matsawa a kan wannan, kuma saƙon da ba shaida ko dai ya faɗa jakar tarkace ko a mayar da shi.

Yanzu ga abin da na fi so ku tafi da shi. Akwai wani ɗan zaɓi da ke cewa a goge saƙon daga wayar da zarar an tura shi imel. Yana da daɗin ji, domin akwatin saƙon murya ba zai cika ba (na Asterisk saƙo 100 yake ɗauka in ba a canza ba), fitilar nan ta wayar tebur ma za ta daina ƙiftawa. Amma na'urar ba ta san ko imel ɗin ya isa ba, ita dai ta aika. Ranar da aka canza kalmar sirrin asusun aka manta da ita, za ta ci gaba da gogewa, imel ba ya zuwa, kai kuma kana zaune kana cewa kasuwa ce ta yi sanyi. Ni shawarata a bar kwafi a wayar, a riƙa share tsofaffi lokaci-lokaci. Kuma gwaji ba na ranar farko kaɗai ba ne. Ka ɗauki wayarka ta hannu ka kira layin bayan an tashi, ka bar saƙo, ka ga ya shigo, ka buɗe ka ji da kunnenka. Ka duba lokacin da aka rubuta a jikin saƙon, sau da yawa na'urar tana kan lokacin wata ƙasa.

Adireshin kuma kada ya zama na mutum ɗaya, don in ya yi tafiya ko ya bar aiki saƙonni sun bi shi. A buɗe na bai ɗaya, amma a ɗora wa mutum guda alhakin mayar da kira a kowace rana. In an bar wa kowa, kowa zai zaci ɗan'uwansa ya yi.

Wasu tsare-tsaren suna mayar da magana rubutu. Da Turanci ba laifi. Amma in ɗan'uwa ya kira ya zuba Hausa, abin da za ka gani sai ka yi dariya, ko sunan mutum ba ya fita daidai. Saurari muryar, musamman wurin lambar waya da adireshi.

Sai maganar amana. Muryar mutum da lambarsa bayanansa ne. Waɗanda ke Turai akwai dokar kare bayanan mutane ta GDPR tun 2018, masu harkar lafiya a Amurka kuma akwai dokar HIPAA mai kare bayanan marasa lafiya, don haka ba a tura saƙon abokin ciniki zauren WhatsApp don a sha dariya. A canza lambar sirrin akwatin saƙon murya da aka zo da ita, kada a bar 1234. 'Yan damfara ma sun gano hanyar: suna turo imel mai kama da sanarwar saƙon murya, ka latsa ya buɗe shafi yana neman kalmar sirrin imel ɗinka. Ku nuna wa ma'aikatanku kamannin sanarwar gaskiya da adireshin da take fitowa, duk wadda ta saɓa a goge ta ba tare da an latsa komai ba.

Mai tambaya kan irin na'urarsa ya same ni bayan an tashi. Na gode, wassalamu alaikum.