Muryar Mushtari da Zuhal: Ina Hannun Rana a Ciki?

Rakiya: Assalamu alaikum masu sauraro, daga Jidda muke gaishe ku. Malam Habibu, wai da gaske duniyar Mushtari tana watsa rediyo?

Habibu: Ƙwarai kuwa, Hajiya. A 1955 masana taurari Bernard Burke da Kenneth Franklin suka tsinci hayaniyarta a Amurka, a kan megahaz 22, wato cikin gajeren zangon da iyayenmu ke kama labarai da shi. In ka kasa kunne, wani lokaci sai ka ji kamar Bahar Maliya ce ke dukan gaɓa.

Sadiku: To Malam, ina Rana ta shigo?

Habibu: Kullum Rana tana feso wata iska mai ɗauke da ƙwayoyin lantarki, gudun kusan kilomita 400 a daƙiƙa. In iskar ta taso da ƙarfi sai ta matse garkuwar maganaɗisun da ke kewaye da duniya irin Mushtari ko Zuhal, ƙwayoyin su gangara ta can ƙuryar arewa da kudu, haske ya tashi a samaniyarta, rediyo ya biyo baya. Zuhal ce ta fi jin maganar Rana. Kumbon Voyager ya fara jiyo rediyon Zuhal a 1980, kumbon Cassini kuma ya zauna da ita daga 2004 zuwa 2017: iska na matsowa, muryarta na ƙaruwa.

Rakiya: Mushtari fa?

Habibu: Ita tana da nata mai zuga ta a gida, watanta Io. Duwatsunsa masu aman wuta suna zuba mata kusan tan ɗaya na gas kowace daƙiƙa. Tun 1964 aka gane cewa wani kaso na rediyonta matsayin Io yake bi. A cikin ragowar ne ake samun mai amsa wa Rana, kuma wallahi wannan rabuwar ce ta fi burge ni.

Sadiku: Ke nan a shekarun da Rana ta fi tafasa, kamar 2024, an fi jin Mushtari daga nan?

Habibu: A'a, Sadiku, nan ne ake ruɗewa. Tafasar tana kauraro rufin lantarkin da ke saman tamu duniyar, sai ya tare siginar. Rediyon Zuhal ma ba ya ratso shi sam, sai an aika kumbo.

Rakiya: Wanda ke son gwadawa fa?

Habibu: Ya fita bayan gari, nesa da wayoyin wuta, ya kafa eriya a kan megahaz 20, bayan tsakar dare in Mushtari tana sama.