Jinyar Kare Mai Daɗaɗɗen Ciwo da Mikin da Ya Ƙi Warkewa

Masu kallo, idan lafiyayyen kare ya ji rauni aka yi masa ɗinki, galibi cikin kwana 10 zuwa 14 fatar takan haɗe har likitan dabbobi ya cire zaren. Amma akwai karen da za a shafe mako uku, a shafe wata guda ana wanke masa ciwo ana ɗaurewa, miki yana nan jiya i yau, ko kuma ya kame yau ya sake buɗewa jibi. Mai irin wannan kare yakan zuba wa ciwon ido shi kaɗai, ya bar wannan man shafawa ya koma wancan, alhali sau da yawa abin da ya hana warkewar yana can cikin jikin dabbar, kuma muddin ba a gano shi ba, wahalar wanki da ɗauri ba za ta ƙare ba.

Kafin mu shiga dalilan, yana da kyau mu san yadda miki yake warkewa idan komai na tafiya daidai. A kwanakin farko wurin yakan kumbura, ya yi ja, ya ɗau zafi, domin jiki yana tura jini da sojojin garkuwarsa su share ƙwayoyin cuta da mataccen nama. Daga kwana na uku zuwa na biyar sai sabon nama ya fara tsirowa daga ƙasan ciwon, ja wur, mai laima da ƙyalli, mai ɗan gurje-gurje, wanda kan ɗan yi jini idan an goge shi da ƙarfi. Mutane da yawa suna tsorata da ganinsa, alhali shi ne alamar da likita ke jira. Bayansa ne sabuwar fata ke rarrafowa daga gefe zuwa tsakiya, kuma idan kuka duba bakin ciwon da kyau za ku gan ta kamar siririn zare mai haske da ya kewaye jan naman. Wannan fatar ba ta da ƙwari ko kaɗan, goga ɗaya da busasshiyar auduga ta isa ta ɗebe aikin kwanaki. Mikin da ya tsaya kuwa kamanninsa daban ne: namansa yakan koɗe ko ya yi toka-toka, gefensa ya yi kauri ya naɗe ciki, kuma faɗinsa ba ya raguwa daga mako zuwa mako.

Cutar da ta fi shahara wajen tsayar da wannan aiki ita ce ciwon sukari. Idan sukari ya yi yawa a jini, garkuwar jiki tana yin rauni, ƙwayoyin cuta kuma su sami wurin yaɗuwa. Karen da ke da shi yakan yawaita shan ruwa da fitsari, ya riƙa ramewa duk da yana ci sosai, kuma da yawa daga cikinsu yanar ido tana rufe musu gani. Akwai kuma cutar Cushing, wadda ta samo sunanta daga likitan Amurka Harvey Cushing da ya bayyana ta a jikin mutane a 1932. A wannan cuta, wasu 'yan gaɓoɓi biyu da ke kusa da ƙoda suna fitar da sinadarin kotisol fiye da kima, sai cikin karen ya yi tulu, gashinsa ya zube ta ɓangarorin biyu, fatarsa ta yi sirara har ana ganin jijiyoyi. Fatar da ta kai haka ƙaramin karce ma yana iya zame mata gyambo. Raunin gaɓar tayirod da ke wuya shi ma yana jinkirta sabunta fata, haka ciwon ƙoda da na hanta, waɗanda kan rage furotin a jini, kuma da furotin ne jiki ke gina sabon nama.

Wani abin da ake yawan mantawa shi ne, maganin da ke riƙe da lafiyar karen yana iya zama shi ne ke hana ciwon rufewa. Magunguna irin su firedinisolon, masu aiki a jiki kamar kotisol, da ake ba karnuka masu ƙaiƙayi mai tsanani ko cututtukan garkuwar jiki, suna danne kumburi, kuma kumburin nan shi ne matakin farko na warkewa. Duk da haka, kada wanda ya ji wannan bayani ya tsayar da maganin da kansa, domin jikin da ya daɗe yana karɓarsa ya rage sarrafa nasa kotisol ɗin, kuma yanke shi farat ɗaya yana iya kayar da dabbar. Likita ne ke rage shi sannu a hankali idan ya ga akwai hali.

Saboda haka, idan miki ya wuce mako biyu zuwa uku bai nuna alamar raguwa ba, abin da ya dace shi ne bincike, kuma mai kare yana da haƙƙin ya nema. Gwajin jini da na fitsari za su nuna halin sukari da ƙoda da hanta da furotin. Idan akwai mugunya, ana ɗibar ta a kai ɗakin gwaji domin a san ainihin ƙwayar cutar da kuma maganin da ke kashe ta, maimakon a yi ta jarraba magunguna ɗaya bayan ɗaya, abin da ke koya wa ƙwayoyin cuta jure magani. Wani lokaci ƙaya ce ko tsinke ko guntun ƙashi ya maƙale a ciki, kuma alamarsa ita ce ƙaramin rami da ke tsatsar da ruwa, ya rufe yayin shan magani, ya dawo da zarar an gama. Wani lokaci kuma, kuma wannan ne ya sa ba ma son a yi jinkiri, abin da ake ɗauka miki ne ciwon daji ne na fata. Ba a tabbatar da shi da ido, sai an yanki ɗan nama an duba.

Mu koma ga aikin hannu na kullum. Mai jinya ya wanke hannu, ya sa safar hannu, kuma idan ciwon yana da zafi ya sa wa karen takunkumi, domin kare mafi ladabi ma yana iya kai cizo idan raɗaɗi ya yi masa yawa. A rage gashin da ke kewaye da wurin. Abin wanki mafi aminci shi ne ruwan gishiri na asibiti mai ƙarfin kashi 0.9 cikin ɗari, a zuƙe shi a sirinji marar allura a feshe ciwon har datti ya fita, sannan a tsane gefen da tsaftataccen ƙyallen asibiti ba tare da gurzawa ba. Idan likita ya ce a haɗa da maganin kashe ƙwayoyin cuta, kilohezidin ana tsarma shi ne har ya koma kashi 0.05 cikin ɗari, ayodin kuma ana sirka shi da ruwa sosai. Sifirit da ruwan nan mai kumfa da ake kira haidurojin farokzaid suna ƙone sabon naman da ake fatan ya tsiro, kuma yawan amfani da su kaɗai ya isa ya hana ciwo rufewa.

Mutane da yawa sun yi imani cewa ciwo sai ya sha iska ya bushe yake warkewa. A 1962 wani mai bincike a Ingila, George Winter, ya nuna a jikin aladu cewa raunin da aka rufe ya kasance da laima yana yin sabuwar fata da sauri fiye da wanda aka bari ya bushe ya yi ɓawo. A kan wannan ne aka gina irin abubuwan ɗauri da ake amfani da su yau, waɗanda ba sa manne wa nama. Ana son laima daidai gwargwado ne, ba jiƙewa ba, kuma bandejin da ya jiƙe da ruwa ko fitsari a canja shi nan take.

Bandeji kansa yana da haɗari idan ya matse. Idan a ƙafa yake, likita kan bar yatsu biyu na tsakiya a waje, kuma aikin mai jinya ne ya duba su safe da yamma. Idan suka kumbura har suka rabu da juna, ko suka yi sanyi, ko karen ya fara cizon ɗaurin da bai dame shi ba a da, ko wari ya fara tashi, to a kwance shi a ranar, domin ɗaurin da ya toshe jini yana iya jawo asarar ƙafa gaba ɗaya.

Sai batun lasa, wanda shi ne ke rushe ƙoƙarin masu jinya da yawa. Ana cewa yawun kare magani ne, amma bakinsa cike yake da ƙwayoyin cuta, harshensa kuma yana da kaushi, don haka a dare ɗaya yana iya fama ciwon da aka yi mako biyu ana lallaɓawa, ya tsinke zaren ɗinki. Kwalar roba mai siffar mazurari da ake sa masa a wuya ita ce kariya, da sharaɗin bakinta ya ɗan wuce tsinin hancinsa. Zai yi ta karo da bango a kwana na farko da na biyu, mai shi kuma tausayi zai kama shi ya so cirewa, musamman da dare. Daren ne kuwa lokacin da ya fi buƙatarta, tunda ba mai kallonsa.

Karen da tsufa ko ciwon gaɓoɓi ko shanyewar ƙafafu ya kwantar yana da tasa matsalar. Inda ƙashi ya turo kusa da fata, wato kwatangwalo da gwiwar ƙafar gaba da dunduniya, nauyin jiki yana danne jini har naman ya mutu daga ciki. Da farko gashin wurin ne ke zubewa fatar ta yi ja, kuma a nan ya kamata a tare shi. A shimfiɗa masa abu mai kauri da laushi, a riƙa juya shi daga wannan gefe zuwa wancan kamar kowace awa huɗu, a tabbatar bai kwanta cikin fitsarinsa ba. A kuma kare shi daga ƙudaje, domin ƙwan da suka saka a miki yana iya ƙyanƙyashe tsutsa cikin kwana guda.

Game da ciyarwa, jiki mai gyaran nama yana buƙatar isasshen furotin, sai dai karen da ke da ciwon ƙoda ko na sukari yana da abincin da aka tsara masa, kuma ba a canja shi sai da shawarar likita. Mai ciwon sukari galibi allurar insulin sau biyu a rana ake yi masa, awa 12 tsakani, tare da cin abinci. Idan ya ƙi ci, a tuntuɓi likita kafin a yi allurar, kuma idan ya fara rawar jiki da tangaɗi, wataƙila sukarin ne ya faɗi, wannan kuwa gaggawa ce. Kada a ba shi maganin ciwon jiki na mutane. Ibufurofen yana iya huda masa ciki ya lalata ƙoda, farasitamol yana iya taɓa hanta, kuma ko maganin raɗaɗi na karnuka irin su meloksikam ba a haɗa shi da firedinisolon, saboda haɗin yana jawo gyambon ciki.

Ido yana yaudarar wanda ke ganin ciwo kullum, don haka a ɗauki hotonsa duk bayan kwana biyu ko uku, da rula a gefe, cikin haske iri ɗaya, a kuma rubuta yadda karen ke ci da sha da nauyinsa. Zafin jikin lafiyayyen kare yana tsakanin digiri 38 zuwa 39.2 a ma'aunin Selshiyos. Idan ya haura haka, ko ja da kumburi suka bazu, ko naman ya yi baƙi, ko dasashinsa ya koɗe, ko ya daina cin abinci, ba a jiran ranar da aka sa ta komawa asibiti.

Idan an daidaita cutar da ke ciki, an kashe ƙwayoyin cuta, amma faɗin mikin ya fi ƙarfin ya rufe da kansa, likita yana iya kankare mataccen naman da kaurin gefen domin ya tayar da warkewar daga farko, ko ya jawo lafiyayyiyar fata daga kusa ya rufe wurin, ko ya daso ta daga wani sashen jiki. Bayan ya rufe ma a ci gaba da kare wurin daga lasa da gurzuwa na tsawon makonni, domin tabo yana ɗaukar watanni kafin ya yi ƙwari, kuma ko ya gama ba ya wuce kusan kashi 80 cikin ɗari na ƙarfin fatar asali.