Lanƙwasar Ƙararrawa da Yadda Ake Fitar da Yiwuwa Daga Cikinta

Ku dubi wannan allon katako. An kakkafa masa ƙusoshi layi-layi, a ƙasansa kuma an jera 'yan ramuka. Yanzu za mu zubo ƙananan ƙwallaye daga sama. Duk ƙwallon da ya bugi ƙusa, ko ya zame dama ko ya zame hagu, sai ya faɗa kan wata ƙusar, a sake. Ba mai iya cewa ga ramin da ƙwallo ɗaya zai faɗa. To amma ku bari su kai ɗari biyar, su kai dubu, sannan ku dubi ƙasa. Tsakiya ta yi tozo, gefe da gefe kuwa sai raguwa suke yi har su kusa ƙarewa, kamar an kife ƙararrawa. Francis Galton, wani masanin Ingila, shi ya ƙera irin wannan allon a ƙarni na 19, kuma ko sau nawa aka juye ƙwallayen aka sake zubawa, wannan siffar ce ke dawowa.

Masana lissafi suna kiranta rarrabuwar nomal, wasu su ce rarrabuwar Gauss. Mu dai za mu riƙa ce mata lanƙwasar ƙararrawa. Abraham de Moivre, Bafaranshen da ya zauna a Landan, shi ya fara cin karo da ita a 1733 yana lissafin jefa ƙwandala. Carl Friedrich Gauss ya yi aiki da ita a 1809 wajen bayanin kurakuran da ake samu a awon taurari, sunansa kuma ya manne mata, har Jamus ta buga hotonsa tare da lanƙwasar a takardar kuɗinta ta mak 10 kafin zuwan yuro. Laplace kuwa, a 1810, ya nuna abin da ya sa take yawan ɓullowa: idan ƙananan dalilai masu yawa, waɗanda ba ruwan wani da wani, suka taru suka haifar da abu ɗaya, jimillarsu tana karkata zuwa wannan siffar. Abin da ƙusoshin nan suka yi wa ƙwallayenmu ke nan.

Ga ta a kan allo. Idan aka ninke ta a tsakiya, ɓangaren dama zai hau kan na hagu daidai wa daida. Saboda haka matsakaici, da lambar da ta raba bayanai gida biyu, da lambar da ta fi yawan fitowa, duk a wuri ɗaya suke, a ƙarƙashin tozon. Wutsiyoyin biyu suna ta matsowa kusa da layin ƙasa amma ba sa taɓa shi har abada.

Lambobi biyu kacal ke riƙe da ita. Na farko matsakaici, ana rubuta shi da harafin Girkanci μ, a karanta miyu. Shi ke faɗin inda tozon ya zauna. Na biyu ma'aunin bazuwa, σ, wato sigma, mai faɗin yadda bayanai suka warwatsu daga tsakiya. Ku kalli abin da ke faruwa yayin da nake rage sigma: ƙararrawar tana tsukewa tana miƙewa sama. Na ƙara shi, sai ta baje ta kwanta. Kuma ana iya ganin sigma da ido. Ku bi lanƙwasar daga tozo kuna gangarowa, akwai wurin da ta daina dunƙulewa kamar bayan ƙwarya ta fara lotsawa kamar cikinta. Tazarar da ke tsakanin wannan wurin da tsakiya, sigma ɗaya ce cif.

Yanzu ga abin da duk sauran bayanin ya rataya a kansa. Filin da ke ƙarƙashin lanƙwasar gaba ɗaya 1 ne, wato kashi 100 cikin 100, ko ta tsuke ko ta baje. Yiwuwa kuma fili ce. In aka tambaye ku yiwuwar wani awo ya faɗa tsakanin nan da nan, ku ja layi biyu a tsaye, filin da suka killace shi ne amsar. Wannan yana haifar da wani abu da ke ɗaure wa ɗalibai kai: yiwuwar a sami wata lamba guda tak, kamar tsawon santimita 170 ba ƙari ba ragi ko da na ƙwayar zarra, sifili ce, domin layi ɗaya ba shi da faɗi. Shi ya sa a nan “ƙasa da 170” da “170 ko ƙasa da haka” amsarsu ɗaya.

Akwai lambobi uku da ya kamata ku haddace. Daga sigma ɗaya ta hagu zuwa sigma ɗaya ta dama, kusan kashi 68 na filin ke nan. Sigma biyu kowane gefe, kusan kashi 95. Sigma uku, kashi 99.7. Ku lura da saurin da wutsiya ke sirancewa. Abin da ya wuce sigma biyu yana faruwa kusan sau 1 cikin 22, wanda ya wuce sigma uku kuwa sau 1 cikin 370. Masana kimiyyar ƙwayar zarra ba sa cewa sun gano sabon abu sai sakamakonsu ya kai sigma biyar, wato yiwuwar katari kaɗai ya ba da sakamako mai nisan haka a gefe ɗaya ta koma kusan 1 cikin miliyan 3.5. Wannan mizanin aka cika a cibiyar binciken ƙwayar zarra ta Turai, CERN, a 2012 kafin a sanar da gano ƙwayar Higgs.

To idan tambayar ba ta faɗa daidai kan sigma ɗaya ko biyu ba fa? A nan lambar z ke shigowa. Ku ɗauki awonku, ku debe matsakaici, ku raba da sigma: z = (x − μ) ÷ σ. Abin da z ke faɗa muku shi ne, sigma nawa ne tsakanin wannan awon da tsakiya, kuma a wane gefe. Da zarar kun yi haka, kowace ƙararrawa a duniya ta koma guda ɗaya mai matsakaici 0 da sigma 1, kuma ita ce aka yi wa jadawali. Dole ce ta sa aka yi jadawalin, domin babu wata gajeriyar dabara da ke ba da filin kai tsaye, sai an ƙiyasta shi da lissafi mai tsawo. Yau kwamfuta ke yi; a Excel umarnin NORM.S.DIST ne.

Mu gwada. A ce wani inji yana yanka ƙusoshi, matsakaicin tsawonsu milimita 50, sigma kuma 0.2. Mai saye ya ce ba zai karɓi wadda ta gaza 49.7 ko ta wuce 50.4 ba. Kashi nawa za su tsallake?

Iyakar sama tukuna: 50.4 a debe 50, saura 0.4, a raba da 0.2, z ya zama 2. Iyakar ƙasa: 49.7 a debe 50, ya ba da −0.3, a raba da 0.2, z ya zama −1.5. Mu buɗe jadawali. A gaban 2.00 an rubuta 0.9772. Ku kula da kyau, wannan lambar filin da ke hagun layin ne gaba ɗaya, tun daga ƙarshen wutsiya. Wasu jadawalan daga tsakiya suke fara ƙirga, sai ku ga 0.4772, don haka ku dubi ɗan zanen da ke saman shafin kafin ku kwafi komai. Kuskuren da ya fi kayar da mutane a jarrabawa ke nan, a ganina. Idan jadawalinku ba shi da lambobin ƙasa da sifili, ku yi amfani da ninkin nan da muka yi ɗazu: a gaban 1.50 akwai 0.9332, a debe shi daga 1, saura 0.0668, shi ne filin da ke hagun −1.5. Sai a debe ƙarami daga babba: 0.9772 − 0.0668 = 0.9104. Kashi 91 za su tsallake. Cikin ƙusa 10,000, kusan 896 za a watsar.

Yanzu a ce an gyara injin, matsakaici yana nan a 50, amma sigma ya sauko 0.1. Iyakokin sun koma z = −3 da z = 4, filin da ke tsakaninsu kuma kusan 0.9986. Waɗanda za a watsar sun faɗo daga 896 zuwa kusan 14. Rabi kawai aka rage a sigma, asarar ta ragu fiye da ninki sittin.

Lambar z tana kuma raba gardama. Ɗaliba ta ci 75 a jarrabawar da matsakaicinta 60, sigma 10. Ɗan'uwanta ya ci 80 a wata mai matsakaici 74, sigma 12, yana ta yi mata gori. Nata z 1.5 ne, ta wuce kusan kashi 93 na 'yan ajinta. Nasa 0.5, ya wuce kashi 69. Ita ce a gaba, da tazara.

Ana kuma juya tambayar. A jarrabawarta, wane maki ne zai sa mutum cikin kashi 10 na sama? Wannan karon daga cikin jadawali za ku fara, ku nemo 0.9000, ku ga z ɗin da ya fi kusa da shi, 1.28. Sai ku koma baya: 60 + (1.28 × 10) = 72.8.

Sai dai duk wannan lissafin yana tafiya ne idan bayanan da gaske siffar ƙararrawa gare su. Tsawon manya jinsi ɗaya yana kusa da ita ƙwarai, haka kurakuran awo. Kuɗin shigar mutane kuwa sam, domin 'yan tsiraru masu ɗimbin dukiya suna jan wutsiyar dama ta yi nisa, matsakaici ya bar yawancin jama'a a baya. Kasuwar hannun jari ma tana yaudara: yawancin ranaku kamar nomal, amma ranar 19 ga Oktoba 1987 ma'aunin Dow Jones na Amurka ya faɗi kashi 22.6 a yini ɗaya, abin da lanƙwasar ƙararrawa za ta ce kusan ba zai taɓa yiwuwa ba. Kafin ku taɓa jadawali, ku zana bayananku ku ga siffarsu.

Mu koma kan ƙwandalar de Moivre. An jefa ta sau 100. Matsakaicin fitowar fuska 50 ne, sigma kuma 5. Mene ne yiwuwar fuska ta fito sau 60 ko fiye? Da sauri za ku ce z = 2, amsa 0.0228. Amma ƙwandala ba ta fitowa sau 59 da rabi, lambobinta cikakku ne, lanƙwasar kuwa ba ta da tsani. Don haka idan aka zana wa kowace lamba sandarta, sandar 60 tana farawa ne daga 59.5. Ku sa 59.5: a debe 50, saura 9.5, a raba da 5, z = 1.9. Jadawali ya ba da 0.9713, a debe daga 1, saura 0.0287. Ainihin amsar, idan aka zauna aka ƙirga kowace hanya ɗaya bayan ɗaya, 0.0284 ce. Ku tsayar da bidiyon nan ku gwada na sau 45 ko ƙasa da haka, ku tuna ta wane gefe rabin zai shiga.