Yadda ake raɗa wa halittar teku suna bayan shekara miliyan 66

Assalamu alaikum. Jama'a, abin da ya tara mu yau bai wuce ƙwayar yashi girma ba. Sunan danginsu foraminifera, kowace ƙwayar halitta ce guda tak. Wasu suna zaune a ƙasan teku, wasu kuma suna yawo a sama, inda igiyar ruwa ta kai su nan suka nufa. Masu yawon nan su ne namu. Suna gina ɓawo na alli, ɗaki bisa ɗaki. In sun mutu ɓawon ya nutse ya shiga laka, laka kuma ta daskare ta zama dutse.

Bafaranshe Alcide d'Orbigny ne ya tsara rukuninsu a 1826, amma ya ɗauka ƙananan dangin nautilus ne, wata dabbar teku mai naɗaɗɗen ɓawo mai ɗakuna. Sai a 1835 Félix Dujardin ya nuna ba haka ba ne.

To, yaya ake aikin raɗa musu suna? A jiƙa dutsen har ya marmashe, a wanke a rariya mai ramuka maikuron 63 (maikuron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), a shanya. Sannan mutum ya sunkuya kan madubin ƙara girma da siririn buroshi mai ɗan danshi, yana tsintar ɓawo ɗaya bayan ɗaya. In ka yi atishawa, aikin yini ya tafi! Ɗakuna nawa ne a zagayen ƙarshe? Ina bakin ɓawon yake? Bangon sumul ne ko kaushi? Duk sai ka rubuta, ka auna, ka ɗauki hoto ta fuska uku. Daga nan ka ware ɓawo guda ka ajiye a gidan tarihi, shi ne shaidar sunan. Duk wanda ya yi gardama nan gaba, wurinsa zai koma.

Ku ɗauki misalin da na fi so. A 1964 masana biyu, Luterbacher da Premoli Silva, suka bayyana wani ɗan mitsitsin jinsi daga duwatsun Umbria a Italiya, suka kira shi Globigerina eugubina, don garin Gubbio da ke yankin. Yana bayyana ne dab da saman layin dutsen da yawancin 'yan uwansa manya suka ɓace, shekara miliyan 66 da suka wuce, lokacin da dinoso, manyan dabbobin nan na dā, suka ƙare. A 1978 wani masani, Hofker, ya ɗauke shi daga gidan Globigerina ya kai shi gidan Parvularugoglobigerina. Yau masana sun fi dogara da yanayin bango da girman ƙananan ramukan da ke jikinsa wajen gane dangantaka, domin siffar ɗakuna tana yaudara: zuriyoyin da ba su haɗa kaka ba sukan yi kama.

Ni dai ina ganin masu gaggawar ƙirƙiro sabon suna daga ɓawo biyu ko uku sun fi jawo mana wahala. Masu haƙar mai da masu binciken tsohon yanayi da waɗannan sunaye suke gane shekarun dutse. In suna ya rikice, lissafinsu ya rikice. Sai tambayoyi.