Kunkurun da Aka Ɗaure a Lungu: Yadda Ake Farfaɗo da Shi

Assalamu alaikum, jama'ar Maradi da duk wanda wannan bidiyo ya riska.

Ku dubi bayan wannan kunkuru da kyau. Ga huda nan a gefen ƙoƙonsa, an zura waya an ɗaure shi da ita. Ga ragowar fenti da yara suka shafa masa. Ga tudun-tudun da suka taso a bayansa maimakon ya kwanta sumul. Idanunsa kuma sun faɗa ciki. A lungu aka same shi, tsakanin tulin itace da katanga, inda rana ba ta leƙawa, gabansa kwano da busasshen tuwo.

Mutanen gidan ba mugaye ba ne. Abin da suka ce shi ne abin da yawancinmu muke faɗa: ai kunkuru ba ya ciwo, ba ya shan ruwa, duk abin da aka jefa masa ci yake yi. Wannan magana ce take kashe kunkuru a gidajenmu. Akuya in ta kwana da yunwa, sai unguwa ta ji. Shi kuwa ba shi da bakin kuka, kuma jikinsa yana da juriyar da zai yi shekaru yana lalacewa a hankali, masu gida suna cewa lafiyarsa lau tunda yana motsi.

Wannan irin da ake ajiyewa a gidaje, mai launin yashi, mai ƙayoyi a cinyoyin baya, ɗan ƙasa ne. Masana suna kiransa sulkata. Asalinsa yankin Sahel, tun daga Senegal da Muritaniya, ta Mali da Nijar da Cadi da Sudan, har Habasha da Iritiriya. A duk duniya kunkuru iri biyu ne kawai suka fi shi girma, na tsibiran Galapagos da na Aldabra, su kuwa duk a tsibiri suke. Namiji in ya riƙa yakan wuce kilo 50, wasu su yi nisa da haka, kuma yana iya haura shekara 70. Wato ɗan abin nan da aka saya wa yaro a tafin hannu, in an kula da shi, jikokin yaron za su iske shi. Wasu don sha'awa suke ajiye shi, wasu don imanin yana tsare gida daga sammu. Ko ma mene ne dalilin, tunda an raba shi da daji, haƙƙinsa ya hau kan mai gida.

To, ya shigo hannunka a wannan hali. Kada ka fara da abinci, kada ka fara da magani. Fara da ruwa.

Wajen ɗaukarsa ma akwai lura. Hannu biyu, ɗaya ta kowane gefe, a miƙe yadda yake tsaye. Kada a kifar da shi ko a juya shi rigingine don a duba cikinsa a daɗe, domin huhunsa a sama yake, ƙarƙashin ƙoƙon baya, in aka juya shi sauran kayan ciki su danne huhun. In ya tsorata yakan saki fitsari, wannan kuwa asara ce babba, don a mafitsara yake ajiye ruwan da yake ratsa rani da shi.

Samu roba mai faɗi, ka zuba ruwa mai ɗumi-ɗumi, irin wanda za a yi wa jariri wanka. Zurfinsa ya tsaya daidai inda ƙoƙon sama da na ƙasa suka haɗu, ƙasa da haɓarsa. Kada ya wuce nan. Kunkuru ba kififfiya ba ce. Kififfiya ita ce ta ruwa, irin wadda ake gani a tabki, shi wannan in ka jefa shi ruwa mai zurfi nutsewa zai yi. Bar shi cikin robar minti 20 zuwa 30 da hantsi, kana kusa, kullum, har tsawon makonnin farko. Za ka ga ya tsoma kai har hanci ya yi shiru. Sha yake yi, kada ka ɗaga shi. Sau da yawa a cikin ruwan zai yi kashi da fitsari, kuma nan ne za ka karanta lafiyarsa. Akwai wani farin abu da yake fitowa tare da fitsarin. In mai laushi ne, madalla. In ya fito da tsakuwa-tsakuwa, ƙishirwa ta daɗe tana cinsa. Wannan farin abu shi ne yake dunƙulewa ya zama dutse a mafitsara, har ya kai kunkuru yana nishi yana jan ƙafafun baya, abin da sai tiyata.

Yanzu mu dawo kan ƙoƙon nan, don a nan aka fi zaluntarsa ba da sani ba. Mutane suna ɗaukarsa kamar wata ƙwarya da ya kifa a baya. Ƙashinsa ne. Haƙarƙarinsa da ƙashin bayansa ne suka haɗe suka zama wannan rufi, akwai jini a ciki, akwai jijiyoyi, in ka shafa yana ji. Wanda ya sa ƙusa mai zafi ya huda shi don ya samu wurin ɗaura igiya, ƙashi ya huda. Yanke wayar, ka wanke wurin da ruwan da aka tafasa ya huce da ɗan gishiri, ka shafa maganin wanke rauni na Betadine da aka sirka da ruwa. Kada ka toshe hudar da siminti ko gam, kada ka zuba baƙin mai yadda wasu suke yi wa gyambon jaki. In akwai tsutsa, a cire su ɗaya bayan ɗaya, a kuma tsare wurin daga ƙuda. Fenti kuwa ba a goge shi da fetur ko kananzir. Ruwa da tsohon burushin haƙori, kaɗan-kaɗan, sauran ya kau da kansa.

Sai ka ɗan danna ƙoƙon da yatsa, a hankali. Na babban kunkuru ya kamata ya yi tauri ƙam. In ya lotsa, ƙashin ya yi laushi, kuma dalili biyu ne suka haɗu: abincinsa ba sinadarin kalsiyam, sannan an hana shi rana. Fatar kunkuru tana buƙatar hasken rana kai tsaye kafin jikinsa ya haɗa bitamin D3, in babu shi ko ya ci kalsiyam ba zai shiga ƙashi ba. Hasken da ya ratso gilashin taga ba ya wannan aiki. A Turai da Amurka, inda ake kiwon irin wannan kunkuru da yawa, fitila ta musamman suke saya da tsada don su kwaikwayi ranar da muke gudu a nan. Abin takaici ne a ce a Maradi, garin rana, kunkuru ya kamu da ciwon rashin rana.

Amma ranar da take warkar da shi ita ce kuma take kashe shi cikin awa kaɗan. A watan Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40. Kunkuru ba ya gumi, jikinsa yana bin zafin wurin da yake. In ka ga yana kumfa a baki yana shafe ƙafafun gaba da yawu, zafi ya kai masa iya wuya, a mai da shi inuwa a yayyafa masa ruwa. A daji ba ya zama a fili da tsakar rana. Rami yake haƙawa mai tsawon mitoci, ya shige can ƙasa inda akwai sanyi da laima, ya fito da sassafe da yamma ya yi kiwo. Saboda haka ranar hantsi ake ba shi, kuma ko da yaushe da inuwar da zai koma da ƙafarsa.

Tudun-tudun nan na bayansa fa? Gaskiya ba za su koma ba. Sun samo asali tun yana ƙarami, lokacin da ya girma a busasshen wuri babu ramin laima, ga abincin da ba nasa ba. Abin da za ka samu shi ne sabon girman da zai biyo baya ya fito a kwance. Za ka gan shi, wani layi mai haske a tsakanin faifan ƙoƙon.

Batun abinci ba shi da wuya, tsayawa a kansa ne mai wuya. Kunkurun nan makiyayi ne, ciyawa ce abincinsa, ɗanya da damina, busasshiya da rani. Ita ce za ta zama mafi yawan abin da yake ci. A kai a kai a ƙara masa ganyen rama, ganyen kabewa, ganyen dankalin Hausa, ɗan zogale. Harawar wake da ta gyaɗa kaɗan, don sun yi masa ƙarfi in sun yi yawa. Kankana da mangwaro yana son su kamar me, amma zaƙinsu yana ɓata masa ciki ya sa shi zawo, sai dai ɗan yanki jefi-jefi. Tuwo, shinkafa da miya, burodi, ragowar nama, duk a daina. A nisanta shi da tumfafiya da zurma, dafi gare su. A kuma share leda daga inda yake, don duk abu mai launi sai ya kai masa baki, leda kuwa in ta toshe hanji shi ke nan.

Wanda ya saba da tuwo zai yi maka yaji. Zai shinshina ciyawar ya juya. Kada tausayi ya kama ka ka koma gidan jiya, kada kuma ka buɗe bakinsa da ƙarfi ka ɗura. Yayyanka ciyawar ƙanana, ka jiƙa, ka cakuɗa da ɗan abin da yake so, kullum kana rage wancan kana ƙara wannan. Ka ba shi bayan ya sha hantsi jikinsa ya yi ɗumi, don kunkuru mai sanyin jiki ba ya ci, in ya ci ma ba ya narkewa. Kalsiyam kuma ba sai ka je kanti ba. Ɓawon ƙwai, a tafasa, a shanya, a daka ya yi gari, a barbaɗa kaɗan a kan ganye sau biyu ko uku a mako.

Ga wurin da nake roƙon ku kasa kunne sosai. In kun ga kaska a wuyansa ko a matsematsin ƙafafu, ku cire da hannu ko da ɗan matsi. Kada, kada a yi masa allurar ivermectin. Maganin nan da muke yi wa tumaki da shanu don tsutsar ciki da kaska, wanda ake samu a kowace kasuwar dabbobi, guba ne ga kunkuru. Yana shanye masa jiki, ya kasa numfashi, ya mutu. Ko wurin likitan dabbobi kuka je, ku ambata masa, domin aikinsa na yau da kullum a kan bisashe ne, ba kowa ne ya taɓa duba kunkuru ba. Zuwa wurin likitan kuwa dole ne in kun ga majina ko kumfa a hanci, ko yana numfashi baki buɗe da ƙara, ko idanu sun kumbura sun rufe, ko ƙoƙon ya fashe daga cizon kare ko taka mota. Ciwon hancin nan da hunturu ya fi kama su, a Disamba da Janairu, in suna kwana a kan siminti iska tana dukansu. Irin wannan kunkuru ba ya barcin sanyi kamar na ƙasashen Turai, in ya lafe da hunturu yana majina, ciwo ne.

Wurin zamansa ƙasa yake so, ba daɓe ba. A ware masa gefe a tsakar gida mai rana da inuwa, da kasko mara zurfi na ruwa a binne daidai ƙasa. A fara masa rami a rufa da itace, zai ƙarasa da kansa. Sai dai a nisanta ramin da gindin katanga, musamman ta ƙasa, don ƙafafun nan na gaba sun fi fartanya aiki, zai iya fita ta gidan maƙwabci ko ya zubar da ginin da damina. Shingen ya zama wanda ba ya hangen waje ta cikinsa, in yana gani zai wuni yana tura shi. Maza biyu ba sa zama wuri ɗaya, tunkuɗar juna suke yi har ɗaya ya kife, wanda ya kife a rana kuwa in ba a gani ba, mutuwa zai yi. Ana gane namiji da doguwar wutsiya da lotsawar ƙoƙon ciki. Bayan an taɓa shi a wanke hannu da sabulu, yara musamman, domin kashinsa yana iya ɗauke da ƙwayar salmonela mai sa zawo da zazzaɓi. A hana yara hawansa.

Ka riƙa ɗora shi a sikeli sau ɗaya a wata kana rubutawa. Farfaɗowarsa aikin watanni ne, ƙashi mai laushi kuma yakan kai shekara kafin ya yi ƙwari. Alamar da za ka fara gani ita ce tafiya: ya daina jan ciki, ya ɗaga jikinsa sama a kan ƙafafu huɗu.

Saura tambayar da ake yawan yi: in ya warke, in kai shi daji in sake? Kada ka yi gaban kanka. Wanda ya girma a gida bai san inda zai samu mafaka ba, yana iya kai wa na daji cutar da ya ɗauko, kuma mafi yawa wani ne zai tsince shi ya mai da shi kasuwa. Na dajin ma sun yi ƙaranci ƙwarai, saboda kamu da kuma gonaki da dabbobi da suka cinye wuraren kiwonsu. A 2021 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi cikin dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa, kuma tun 2000 yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, CITES, ta hana fitar da wanda aka kamo daga daji zuwa waje don kasuwanci. A nan Nijar, dokar farauta da kare namun daji ta 1998 ta sa lamarin a hannun ma'aikatan gandun daji, su za ka tuntuɓa in ya fi ƙarfinka ko kana son rabuwa da shi. Mayarwa daji abu ne mai yiwuwa, an yi a Senegal, inda wurin kula da kunkuru na garin Noflaye yake karɓar waɗanda aka ƙwato daga gidaje, aka kuma saki wasu a yankin Ferlo. Amma sai da aka killace su, aka duba lafiyarsu, aka saba musu da abincin daji, sannan aka ci gaba da bibiyarsu bayan sakin. In kuma ka ga ana tallar 'yan ƙanana a bakin hanya, kada ka saya don tausayi, kuɗinka ne zai sa a koma a kamo wasu.