Haruffa Masu Kauri Irin Na Da: Wanne Za Ka Zaɓa, Kuma Ina Za Ka Sa Shi?

Ku ɗauka ga allo a gabanku. Kalma ɗaya ce, "Rangwame", amma da salon haruffa uku. Duka suna da kauri, duka suna da 'yan ƙafafu a ƙarshen sandunansu, wato serif. Sai dai kowanne da aikinsa.

Na farkon ya samo asali ne a Landan, farkon ƙarni na 19, lokacin da masu buga fosta ke neman rubutun da za a hango daga nesa. Sunan Robert Thorne, wani mai ƙera haruffan ɗab'i, ne aka fi dangantawa da shi. An kumbura sandunan tsaye, aka bar layukan kwance sirara kamar zare. Salon Abril Fatface da ke Google Fonts, rumbun salon haruffa na Google, jikansa ne. Yana da kwarjini a bangon mujalla ko katin biki, amma ka ƙanƙanta shi, siraran layukan nan sai su ɓace, musamman a fuskar waya.

Na biyu shi ne mai ƙafafu masu kauri. Vincent Figgins ya fito da irinsa a 1815, Robert Besley kuma ya fitar da Clarendon a 1845. Wannan ba ya jin tsoron nisa. Allon shago, bana ta taro, sanarwar gefen titi, nan ne gidansa.

Na uku, wanda ni na fi so, Cooper Black ne. Oswald Cooper ya zana shi a Chicago ta Amurka, aka fitar da shi a 1922. Babu kusurwa mai kaifi a jikinsa, ko'ina a dunƙule yake, shi ya sa yake da fara'a. Idan ka taɓa ganin tambarin jiragen easyJet, to shi ne. Ya dace da gidan burodi, kayan yara, ledar alewa. Amma don Allah kada ka rubuta sanarwar rasuwa da shi.

To, yaya ake amfani da su? Kalma biyu zuwa biyar, da girma, shi ke nan. Ramukan cikin a, e da o ƙanana ne, doguwar jimla da su tana gajiyar da ido. Adireshi da lambar waya ka ba su salo mara ado. Matso da haruffan kusa da juna kaɗan, amma kada su haɗe. Kada kuma ka ja rubutun a manhajar zane irin su CorelDRAW ko PixelLab don ya cike fili. Kauri ya lalace ke nan.

Ga inda mu masu rubuta Hausa muke tuntuɓe. Da yawa daga cikin waɗannan salo ba su da ƙ, ɗ, ɓ da ƴ. Manhajar sai ta aro harafin daga wani salon, ka ga siririn ƙ a tsakiyar jibga-jibgan haruffa, ko ɗan akwati kawai. Wasu sukan cire lanƙwasar, sai "ƙasa" ta koma "kasa". Tun kafin ka fara zane, buga "Ƙofar Ɗan Ɓaure" da manya da ƙananan baƙaƙe. Idan ɗaya bai fito daidai ba, nemi wani salon, ko ka mai da rubutun zane ka ƙara lanƙwasar da hannunka, kaurinta daidai da na sandar harafin.