Agogo ya ce 12.5, kwamfuta ta ce 11.9: wa ke ƙarya?

Kalli nan. Mota ɗaya, sansa ɗaya a jikin salansa, amma agogon da ke gaban direba yana nuna 12.5, kwamfutar da aka jona da ƙwaƙwalwar motar kuma tana nuna 11.9. Da yawa daga nan sai su ce sansar ce ta mutu, a sayo sabuwar Bosch LSU 4.9. Kada ka ɓata kuɗinka tukuna.

Aikin sansar shi ne ta shinshini hayaƙi ta faɗi yawan iskar da ta gauraya da mai. A injin fetur, 14.7 ne daidai wa daida, wato iska kashi 14.7 ga mai kashi ɗaya; in lambar ta yi ƙasa da haka, mai ya fi yawa ke nan. Sansar tana shiga wani ƙaramin akwati mai karanta ta, shi kuma ya aika wa ƙwaƙwalwar motar saƙo ta wutar da ke tsakanin bolt 0 zuwa 5. Jar wayar akwatin ta tafi wutar makulli ta bi ta fis, wannan kowa ya iya. Baƙar ce matsalar, wato nagatib.

Wuta ba a auna ta ita kaɗai, sai an gwada ta da wani wuri. Ka ɗauka za a auna tsawon yaro, sai wani ya fara awo daga ƙasa, wani kuma daga kan turmin da yaron ya taka. Dole lissafi ya saɓa, kuma ba laifin yaron ba ne. Haka abin yake idan akwatin ya ɗauki nagatib a jikin bodi ƙarƙashin sitiyari, ƙwaƙwalwa kuma ta ɗauka a jikin inji. A ido duk ƙarfe ne. Amma fanka, fitilun gaba da famfon mai duk ta bodin nan wutarsu ke komawa batir, ga tsatsa, ga fenti.

Ga lissafin. A akwati samfurin Innovate LC-2, yadda ya fito daga kamfani, bolt 0 na nufin 7.35, bolt 5 kuma 22.39. Kowane bolt ɗaya kusan maki uku ke nan. Bambancin bolt 0.2 kacal, wanda ko ƙwan fitila ba zai lura da shi ba, ya ture karatun da 0.6. In ƙwaƙwalwa ta ɗauka mai ya yi yawa, sai ta rage shi, kai kuwa ƙafarka na kan totur. Da haka fistin ke ƙonewa.

Saboda haka, baƙar wayar akwatin ta je daidai nocin da ƙwaƙwalwa ta ɗaure tata a jikin inji. Kankare wurin sai ya yi ƙyalli.

To, amma a kula! Kada a cusa ta cikin siririn layin nagatib na sansoshi. Sansar nan tana da abin ɗumama kanta, tana aiki ne a zafin kusan digiri 780, kuma wutar da yake ja za ta rikita karatun sauran sansoshin. Idan akwatinka samfurin AEM X-Series ne, an ba ka waya ruwan ƙasa ta daban, ita ce ke zuwa siririn layin.

Ni dai in ƙwaƙwalwar tana karɓar CAN, wato layin da na'urorin mota ke aika wa juna bayanai, ta nan nake bi, don lamba ce ke tafiya, ba awon wuta ba.

Yanzu ta da inji. Sa mita tsakanin nagatib ɗin biyu, kunna fitila, kunna fanka. Ka ga ko motsi bai yi ba? Duba agogo, duba kwamfuta: 12.5, 12.5.